Dan Allah ku ba ni shawara: kala nawa zan yi na rabon sallah, kuma da wanne zan fara?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa, ya ibada. Dan Allah shawara nake nema. Bana na ɗau niyyar ba zan sayi kayan rabon sallah ba, da hannuna nake so in yi, don bara oda na bayar kuɗi suka tafi kuma abin da aka kawo min ko rabin gidajen da nake kai wa bai isa ba. Na zauna na lissafa gida 14 ne, gidan surukaina, gidanmu, yayyen maigida su uku, ƙannena biyu da ke aure, maƙwabta huɗu, malamar islamiyyar yara, sai ƙawayena biyu. Abin da ke raina kala shida ne, cincin, gireba, dublan, alkaki, kukis ɗin bota sai ɗan kek. Matsalar obin ɗina ƙarami ne na gas, tire ɗaya yake ci, ga azumi ga yara uku, yarinyar da ke taya ni aiki kuma za ta tafi garinsu ranar 25 ga wata. Yau 12 ga azumi. Yaushe zan fara, da wanne zan fara, kuma ya zan zuba su kada su lalace kafin sallah? Wadda ta saba ta taimaka min.

Ummu_Sultan:
Wa alaikumus salam. Kala shida ke kaɗai cikin azumin nan? Taɓ. Allah ya ba da iko amma in za ki ji tawa ki rage.

Hajjaju_Yakasai:
'Yata ba yawan kalar ne abin tsoro ba, jerin ne. Ki fara da abin da ya fi jure ajiya ki ƙare da mai saurin lalacewa. Alkaki ne a gaba, shi ko sati uku ya yi in dai ya soyu ya sha sukari ba abin da zai same shi, ai shi ya sa ake sa shi a gara, amarya ta yi ta ci har ta gaji. Bayansa cincin, sai dublan, sai gireba da wannan kukis ɗin naku na zamani, kek kuwa sai ana jibi sallah ko jajibere, kada ki kuskura ki yi shi da wuri da zafin nan da ake. In kika fara alkaki wajen 17 ga wata, ki huta kwana biyu ki yi cincin, kafin yarinyar taki ta tafi kin gama duk abin da ake soyawa, gashi kawai ya rage miki, shi ko a zaune ma kya yi shi.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Wlh alkakin nan shi ne tsorona, ban taɓa yi ni kaɗai ba, a gida Umma ke haɗawa mu namu naɗi ne kawai da ci.

Hajjaju_Yakasai:
Ba wuya. Alkama za ki kai inji ki ce ɓarji kike so, kada a mayar miki da ita gari. Ki murje ta da mai sosai har in kin dunƙula a hannu ta kama jikinta, sannan ki kwaɓa da nono mai tsami ko ɗan yis, da tauri fa, ki rufe ta kwana. Da safe za ki ji ta ɗau tsami ta saki, sai ki yayyafa ɗan ruwan kanwa ki sake murzawa ki hau naɗi. Wajen suya wuta kaɗan, in kika cika wuta bayan ya yi ja cikin ɗanye, irinsa ne ke yin fumfuna bayan kwana biyar a ce an yi wa mutum baki. Kina kwashewa daga mai kina tsomawa a ruwan sukarin da kika dafa da lemon tsami. Mu da tsamiya muka taso muna yi, masu hali kuma zuma.

Anti_Kek_da_Cincin:
Da girmamawa Hajiya jerin ki daidai ne, amma ni sana'ata ce wannan bari in yi wa Maman Ilham lissafin da ba a so. Tiren ƙaramin obin bai wuce ya ɗau guda 20 ba in kin ba su tazara. Ki ce kowane gida gireba 10 kukis 10, gida 14 kin ga guda 280 kenan, tire 14, kowanne wajen minti 18, sama da awa huɗu kina gaban wuta, ban sa lokacin kwaɓi da yanka da jiran tire ya huce ba, ban sa wanda zai ƙone ba kuma dole wani ya ƙone. Sannan kek. Ni da ni ce ke kek ya fita gaba ɗaya, alkaki kuma ki sayi na masu yi tun da ba ki taɓa yi ba, sallah ba lokacin koyon abu ba ne. Kala uku masu kyau sun fi shida da za a buɗe a ce wannan kuma mene ne.

Ummu_Sultan:
Yauwa abin da nake nufi kenan Anti ta faɗa da lissafi.

Hajjaju_Yakasai:
To in ba ta koya da sallah ba yaushe za ta koya? Haka muka bari 'ya'yanmu ba su iya nakiya ba, kowace sai waya a kawo mata. Ta gwada da gwangwani biyu kawai gobe, in ya yi ta ci gaba in bai yi ba ta saya, asarar gwangwani biyu ba ta kashe kowa.

Baban_Sadik:
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Duk kuna ta maganar fumfuna da zafi, babban abin da ke lalata cincin ɗin da aka yi tun 19 ga azumi mu ne, ni da yarana. Bara uwargida ta cika bokitin fenti biyu ta ɓoye a saman wadrob, ranar jajibere ta sauko da ɗaya ta ji shi sakayau. Yara suka ce ni ne, ni na ce yara ne, gaskiyar magana kowa ya sa hannu, ni da sahur nake zuwa su da rana tun da azumin rabin wuni suke. Maman Ilham ki nemi kwaɗo kafin ki nemi fulawa.

YarGwammaja:
Baban Sadik Allah ya shirye ku 😂 ni dabarata ina ware na 'yan gida daban tun ranar da na soya, duk wanda ya karye ko ya yi duhu nasu ne, in cika musu roba in ce wannan ne rabonku har sallah. In ba ki ba su nasu ba wlh na rabon za su ci.

Maman_Twins_Kd:
Ni dai gargaɗi ɗaya zan yi miki don ni ya faru da ni. Shekarar da na fara yi na soya cincin har ƙarfe ɗaya na dare, barci ya ci ƙarfina na juye shi da ɗuminsa a manyan ledoji na ƙulle na kwanta. Bayan kwana uku na buɗe, ledar duk ta yi gumi ta ciki, cincin ya yi lakwas kamar an jiƙa shi ga wani wari na tsohon mai. Mudu huɗu na fulawa fa, da bota da madara da ƙwai. Zama na yi a tsakar kicin ina kuka da azumi a bakina. Ki baza shi a faranti ko a kan takarda ya sha iska har sai kin sa hannu can ƙasa kin ji sanyi, sannan ki rufe. Ko da zai kwana a buɗe ne ki rufa masa rariya kawai.

Maman_Ilham:
Innalillahi, sannu Maman Twins. To wai in na zo rabo duk a roba ɗaya zan haɗa wa kowane gida ko yaya?

Anti_Kek_da_Cincin:
A'a fa. Nan ne mutane ke ɓata wahalarsu. Dublan da alkaki jiƙe suke da sukari, in suka kwana da cincin a roba ɗaya cincin zai ja danshin ya yi laushi, gireba kuma ta manne da su ta farfashe. Kek ma haka, danshi gare shi. Kowanne ki ƙulle shi a farar ledarsa daban sannan ki jera a roba ko kwali, mai nauyi a ƙasa wato alkaki da cincin, dublan a gefe, gireba da kukis a can sama. Kuma kada ki zuba tun yanzu, kowane kala ya zauna a babban bokitinsa mai murfi, daren sallah ko jajibere ki zauna ki rarraba. Wani abu kuma, duk abin da aka yi da bota yana jan ƙamshi, kada ki ajiye kusa da turaren wuta ko sabulu ko kayan miya. Na taɓa ajiye kukis na kwastoma a ɗakin da aka turara kaya, sai da na sake wani.

Bintu_Yerwa:
Mu a Maiduguri ai komai na gidanmu ƙamshin turaren wuta yake har ruwan sha, ba wanda ya taɓa ƙorafi 😄 amma gaskiya ne gireba na ɗauka.

Ummi_a_Amurka:
Bari in kawo muku yadda na ga ana yi a nan ko zai yi amfani. Lokacin Kirsimeti a watan Disamba matan wurin aikinmu suna haɗuwa su takwas ko goma, kowace ta gasa kala ɗaya tak amma da yawa, sai a sa rana kowa ta zo da nata a jera a tebur a rarraba, ki zo da kala ɗaya ki koma gida da kala takwas. Da na gani na ce ai wannan adashi ne. Maman Ilham ba kin ce kina da ƙanne biyu da ƙawaye biyu ba? Ke ki ɗau gireba, wata cincin, wata dublan, wadda ta iya alkaki ta yi, ku haɗu 28 ga wata ku raba. Sannan su nan suna kwaɓa na kukis tun sati biyu kafin lokaci su naɗe shi kamar sanda su jefa a firiza, ranar gashi sai yanka kawai.

Maman_Twins_Kd:
Firiza da wace wutar Ummi? Kin daɗe ba ki zo gida ba.

Ummi_a_Amurka:
Haba dai na san halin da ake ciki, na ce ko tana da sola ne. Amma adashin ai ba ya buƙatar wuta.

YarGwammaja:
Adashin nan mun taɓa yi mu biyar a layinmu, ba zan sake ba. Ni na sa bota da madarar gari da ƙwai a nawa kamar ba gobe, wata ta kawo mana cincin da in kika jefi kare da shi sai ya yi ƙara, ruwa da sukari kawai, kuma ba damar magana maƙwabciya ce. Ƙarshe nata ban iya kai wa kowa ba, almajirai na ba. In za a yi sai dai a haɗa kuɗi a sayi kayan tare a kasuwar Singa a raba wa kowa, kuma da waɗanda kika san hannunsu.

YarMaiWurno:
Salam 'yan uwa, ni daga Sudan nake. Abin da Ummi ta faɗa mu can haka muka taso amma ba raba kala ake ba, taruwa ake a gida ɗaya. Kwanakin ƙarshen Ramadan bayan an sha ruwa matan unguwa za su haɗu yau a gidan wannan gobe a gidan waccan, ana kwaɓi ana hira ana shan shayi, ana yin ka'ak da bitifor da biskit da guraiba, duka muna ce musu khabiz. Ba a gida ake gasawa ba, manyan tire ake jerawa yara su ɗauka a ka su kai gidan burodin unguwa, kowa ta sa alama a tirenta, har asuba ana layi. Ka'ak in ya huce a birkiɗa shi a niƙaƙƙen sukari ya yi fari fat. Ina Omdurman lokacin da yaƙi ya tashi a watan Afrilu 2023, saura 'yan kwanaki sallah, mun riga mun sayi fulawa da samin, wato man shanu, mun ajiye, haka muka fita muka bar su. Yanzu inda nake ni kaɗai nake yi a ƙaramin obin irin naki, yana daɗi amma ba ɗaya ba ne. Shawarata ki tambayi gidan burodin unguwarku ko za su gasa miki in sun sauke nasu, tire 14 ɗin da Anti ta lissafa sau ɗaya zai shige.

Hajjaju_Yakasai:
Allah sarki 'yata, Allah ya kawo muku zaman lafiya ya mai da ku gidajenku. Mu ma da haka ake yi a cikin gari, kek ɗin biki duk gidan burodi ake kai wa.

Maman_Ilham:
Amin ya Allah. Wlh jikina ya yi sanyi. Akwai gidan burodi a bayan layinmu zan sa maigida ya tambaya.

Anti_Kek_da_Cincin:
In za ki kai ki tsaya a kai ko ki sa mai hankali, wutar burodi ta fi ƙarfin gireba. Sai sun gama wutar ta kwanta. Gireba fara ake son ta, ƙasanta kawai zai ɗan yi ja, a obin na gida zafin digiri 160 ya isa.

Malam_Na_Zariya:
Ashe sunan ma daga can ya zo, guraiba ta Larabawa ita ce ta koma gireba a bakinmu. Ni da na ɗauka tamu ce ta gado.

Bintu_Yerwa:
Ta zama tamu ai Malam, su da samin suke yi mu da man gyaɗa da riɗi a kai. Maman Ilham ga yadda nake tawa: fulawa kofi 4, sukari kofi 1 amma ki niƙa shi ya zama gari in ba haka ba za ki ji shi ƙaras ƙaras a baki, mai kamar kofi 1 da rabi kina zubawa kaɗan kaɗan kina murzawa har ya dunƙulu. Ba ƙwai. Ki barbaɗa riɗi a cikin ƙaramin ludayi ki cusa kwaɓin ki danna ki kife a tire. In ta fito kada ki taɓa ta da zafi, rugujewa za ta yi a hannunki, sai ta huce take kama jikinta.

YarGwammaja:
Ni ina ɗan yayyafa ruwa a tawa Bintu, in ba ruwa ko kaɗan ba ta kai wa gidan mutane da ranta, gari ake tararwa.

Bintu_Yerwa:
Cokali biyu ba laifi, in ya wuce haka kin yi biskit ba gireba ba.

Ummu_Abdallah:
Ni tunatarwa ce tawa ba faɗa ba. Yawancin jadawalin da ake ta bayarwa cikin goman ƙarshe ya faɗa, darare mafi daraja a shekara, ana neman Lailatul Ƙadri mu kuma muna gaban kasko. Na ga mata da yawa suna zuwa tahajjud suna gyangyaɗi a sahu saboda sun wuni suna suya, wasu ma ba sa zuwa. Kyauta abu ne mai kyau tana ƙara zumunci, amma cincin ba farilla ba ne. In za ki iya gamawa kafin 20 ga wata ki gama, abin da bai samu ba a haƙura.

Maman_Twins_Kd:
Malama gaskiya kika faɗa amma faranta wa iyaye da maƙwabta ma ai ibada ce in an gyara niyya. Kuma ba wanda ke ce wa maza su bar kasuwa a goman ƙarshe, tela ma kwana yake a kan keke.

Ummu_Abdallah:
Ban ce haramun ba ne 'yar uwa, na ce a duba abin da ya fi. Su ma telolin ana yi musu wa'azi.

Hajjaju_Yakasai:
Duk ku biyun kuna da gaskiya, shi ya sa na ce ta fara 17. In ta matso da shi ma ta fara 14 alkaki da cincin ba abin da za su yi. Aikin safe ne, bayan an idar da asuba kafin rana ta yi zafi awa biyu kullum, ba a wuni a kai. Dare na Allah ne.

Anti_Saratu_Jos:
Barkanku da shan ruwa. Ni Kirista ce amma zancen nan namu ne duka, mu ma duk Disamba haka muke fama. Sai dai mu muna cin sa'a lokacin hunturu ne, iska a bushe ga sanyin Jos, cincin sai ya yi wata a bokiti yana ƙaras ƙaras, bota ma ba ta narkewa a hannu. Ku da sallarku ta faɗo cikin bazara sai kun yi hankali da kukis ɗin bota, kwaɓin na saki ya baje a tire ya zama faifai. Awon da nake bi mai sauƙi ne, sukari 1 bota 2 fulawa 3 a ma'auni, wato giram 100, 200, 300, ki ninka yadda kike so. Ki kwaɓa da sassafe, in ba firji ki ɗora kwanon a kan ruwan randa ya ɗan daskare kafin ki yanka. Maƙwabtana Musulmi duk sallah sai sun aiko min da dublan, shekara da shekaru na kasa iya naɗin nan nasa, nawa kullum kamar an taka.

Maman_Ilham:
Na gode Anti Saratu, na rubuta awon. Dublan kam na iya, injin taliya nake murzawa da shi ya yi falan falan sannan in yanka in naɗe, in kin shigo Kano ki zo in koya miki.

Dan_Damagaram:
Mu nan Zinder duka gato muke ce musu, kuma uwargida ba ta da fur, wato obin, babbar tukunya take zuba wa rairayi a ƙasa ta ɗora a gawayi, in ya yi zafi ta sa faranti a ciki ta rufe ta zuba ɗan garwashi a kan murfi. Yana gasuwa lafiya lau, sai dai a riƙa dubawa. Wanda bai da obin kada ya ce ba zai yi ba.

Baban_Sadik:
Tambaya ta gaskiya yanzu ba wasa ba. Da tsadar fulawa da sukari da mai da gas, anya yi a gida ya fi sayen arha? Ni da nake biyan kuɗin ban ga bambanci ba.

Anti_Kek_da_Cincin:
Ya fi arha in ka sayi kaya da yawa lokaci ɗaya kuma ba ka lissafa wahalar matarka ba, wadda na san ba ka lissafawa. In ana auno rabin mudu yau rabin mudu gobe a shagon unguwa to gara ka ba ni oda.

Hauwa_Facala:
Ni ba ta girki zan yi magana ba, ta rabo. Maman Ilham na ga kin ce yayyen maigida uku. Ki tabbata robobin nan uku iri ɗaya ne, girma ɗaya, kala ɗaya, in da hali ki ƙirga alkakin ciki. Matan za su haɗu a gidan surukai ranar sallah kuma sai an yi zancen. Ni na taɓa sa wa babbar facalata kek ban sa wa ƙaramar ba don ya ƙare, wlh har babbar sallah tana min wani gani gani. Na uwar miji shi ne za ki bambanta, ya fi na kowa girma kuma ke da kanki za ki kai, ba aike ba. Na maƙwabta ko kala biyu ne ya wadatar, ba dole kowa ya samu shida ba.

Ummu_Sultan:
Wannan ita ce magana. In haka ne ma ba sai ta yi 280 ba, kek na gida biyu kawai, gidansu da gidan surukai.

Nas_Maryam:
A tuna da masu ciwon suga dan Allah. Yawancin iyayenmu da ake kai wa babbar roba su ne likita ya hana zaƙi, kuma in an kai sai sun ci don kunya ko kwaɗayi, bayan sallah mu gan su a asibiti suga ya hau. Alkaki da dublan sukari ne tsagwaronsa. In surukarki na da shi ki haɗa mata da dambun nama ko soyayyar gyaɗa ko ƙwai, zaƙin kuma ki ce na baƙinta ne. Sannan akwai yaran da gyaɗa ko riɗi ke tayar wa da ƙaiƙayi da kumburi, in kin san gidan da ke da irinsu ki faɗa musu da man gyaɗa kika yi.

Maman_Ilham:
Kin tuna min Nas, Baban maigida na da ciwon suga. Dambu zan yi masa in Allah ya hore kaza.

YarGwammaja:
Kin ga an koma kala bakwai kenan 😂 ana ce miki ki rage.

Maman_Twins_Kd:
Kuma kada ki kai a kwanukanki masu kyau. Kulolina uku na aure har yau suna gidajen mutane, in na je barka ina ganin su ana zuba miya. Robar yarwa ki saya dozin biyu a kasuwar Rimi ki huta.

Hajjaju_Yakasai:
Ni dai roba ba ta yi min ba a gidan manya. Da a kwanon samira ake kai wa da murfinsa a ɗaure da ɗankwali, a juye a wanke a sa tukwici a ciki a ba ɗan aike, kwano ba ya dawowa haka nan. Yanzu an miƙa roba shi kenan yaro ya juya hannu rabbana. Na surukai ki sa a kwano 'yata, zai dawo.

Maman_Ilham:
Salam, na dawo da rahoto. Na gwada alkakin da gwangwani biyu kamar yadda Hajiya ta ce. Kaskon farko duk ya watse a mai ya zama tsaki, na kira Umma a waya ta ce ruwa ya yi kaɗan kuma ban murza sosai ba bayan na sa kanwa, na ƙara na sake murzawa, na biyu ya tsaya ƙyam ya sha sukari har ciki, maigida ya cinye biyar da shan ruwa. Don haka alkaki na nan. Kek na gida biyu kawai zan yi kamar yadda Ummu Sultan ta ce. Masu gidan burodi sun yarda amma sun ce sai bayan ƙarfe 11 na dare, ban san ko zan iya ba ga tahajjud. Kukis ɗin ne har yanzu nake wasi wasi, ƙanwata ta ce za ta yi mu yi musaya da dublan amma ban taɓa cin na hannunta ba.

Anti_Kek_da_Cincin:
Ki ce ta kawo miki ɗanɗano tukuna kafin ki amsa. Har yanzu dai ina kan bakata ta ki rage kala, ki cire kukis, gireba ta wadatar, kusan abu ɗaya ne a baki.

Anti_Saratu_Jos:
Haba Anti ina gireba ina kukis, yara kukis suke fara ɗauka.

Maman_Ilham:
Wata sabuwa kuma, yanzu na leƙa bokitin alkakin gwajin na tarar kiyashi sun yi layi tun daga bakin taga har murfi. Murfin a rufe yake fa, ta ina suke shiga?

Bintu_Yerwa:
Ruwan sukari ne ya ɗiga a jikin bokitin, ki goge shi tas da tsumma mai ruwa, sannan ki zuba ruwa a babban faranti ki ɗora bokitin a tsakiya kada ya taɓa bango.

Sabuwar_Amarya22:
Slm dan Allah yanzu na shigo ban karanta na sama ba, cincin ɗina in na zuba a mai sai kumfa ta taso har tana zubowa a kan risho, me ke kawo haka? Mudu ɗaya na kwaɓa da ƙwai 8.

YarGwammaja:
Ƙwai 8 a mudu ɗaya? Amarya kek kike soyawa. Ki rage ƙwan, ki kakkaɓe garin fulawar da kika barbaɗa wajen yanka, kuma ki daina cika kaskon. Wanda kika riga kika kwaɓa ki ƙara masa fulawa ki canza man.